A Ba Tarihin Lissafi da Falsafarsa Nasu Kaso Cikin Karatun Gaba da Digiri

Kowace shekara, idan lokacin raba kuɗin taimakon karatu ya zo, hukumomin da ke riƙe da wannan amana su kan zauna su jera fannonin da za a tura ɗalibai su yi digiri na biyu da na uku a cikinsu. Likitanci ne kan zo da fari, sa'an nan injiniyanci, da aikin gona, da shari'a. Ba mu ga laifin wannan jeri ba, gama kowa ya san ƙishirwar da ƙasa ke yi ga waɗannan ma'aikata. Amma akwai wani fanni da mu ke roƙon a buɗa masa 'yar ƙofa, ko da ta mutum biyu ce ko uku a shekara, watau binciken tarihin lissafi da falsafarsa. Mun san wani zai yi dariya ya ce, lissafi kuma har yana da tarihi? Ai biyu da biyu huɗu ne tun ran da aka halicci duniya. To, muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu sannu, ya ji dalilanmu, kana ya yanke hukunci.

Shi wannan fanni tambayoyi biyu ya ke bi. Ta farko ita ce ta tarihi: wa ya fara gano wannan ƙa'ida, a wace ƙasa, wace bukata ce ta kai shi, kuma ta wace hanya ta bi har ta iso allon makarantarmu? Ta biyu ita ce ta falsafa: mene ne lamba ita kanta, kuma me ya sa idan aka kafa hujja a lissafi ba mai iya rushe ta, alhali kuwa sauran fannonin ilmi kullum cikin gyara su ke? Wanda zai yi digiri na biyu ko na uku a nan ba haddar sunayen mutanen da za a sa shi ba. Aikinsa shi ne ya ɗauki tsohon littafi da harshen da aka rubuta shi, ya gwada kwafe da kwafe, ya warware lissafin da ke ciki da hannunsa, ya faɗi abin da mai littafin ya sani da abin da bai kai gare shi ba. Ko kuwa ya ɗauki tushen wata hujja ya tone shi, ya ga a kan me aka aza ta.

Lambobin da ke cikin littafin akawu

Bari mu fara da abin da ke gaban kowane akawu da kowane malamin makaranta, watau alƙaluman nan goma, daga sifiri zuwa tara. A ƙasar Indiya aka haife su. Cikin shekara ta 628 wani masani can, Birahamagupta, ya rubuta ƙa'idodin aiki da sifiri, ya kuma bayyana lambobin da ke ƙasa da sifiri da misalin dukiya da bashi. Daga Indiya suka iso Bagadaza, inda Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafi a kan hisabin Indiyawa, ya kuma rubuta wani wajen shekara ta 820 wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara. Babban kaso na wannan littafi na biyu a kan wasiyya da rabon gado ya ke, irin matsalolin da alƙalanmu ke fama da su har gobe. Daga nan wani yaro ɗan birnin Fisa ta ƙasar Italiya, wanda a ke kira Fibonachi, ya koyi alƙaluman a garin Bijaya ta Aljeriya, inda ubansa ke aikin kwastan na 'yan kasuwar garinsu, ya kuwa rubuta littafinsa a 1202 ya yaɗa su a ƙasashen Turai. Ba a karɓe su da sauƙi ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Fulorans ta hana mutanenta rubuta su cikin littattafan kuɗi.

Harshenmu ma shaida ne. Ishirin, talatin, arba'in, hamsin, har zuwa tis'in, da sifiri kansa, duk daga Larabci muka aro su. Kafin su zauna daram, kakanninmu suna da nasu ƙidayar, suna cewa gomiya biyu, gomiya uku, suna lissafa wuri da hauya da zangu da zambar, har su kai keso, watau wuri 20,000. Yadda fataken Kano da Katsina suka riƙa ninka waɗannan da raba su a ka, ba takarda ba alƙalami, magana ce da ta isa mutum ya yi shekara uku yana bincike a kanta. Tsofaffin da suka ji ta daga bakin waɗanda suka yi ciniki da wuri kuwa ƙarewa su ke yi.

Rajistar da ta girgiza masana

Game da falsafa, ga misalin da ma'aikacin ofis zai gane nan take. A ce a wani ofis akwai rajista da yawa, waɗansu an rubuta sunansu cikin jerin da ke cikinsu, waɗansu ba a rubuta ba. Sai babban akawu ya ba da umurni a buɗe sabuwar rajista, a shigar da sunan kowace rajista da ba ta ambaci kanta ba, kada a ƙara ko ɗaya, kada a rage ko ɗaya. To, ita wannan sabuwa, a rubuta sunanta a cikinta ko kuwa? In an rubuta, ta zama mai ambaton kanta, bai kamata ta shiga ba. In an bari, ta zama marar ambaton kanta, wajibi ne ta shiga. Gaba siyaki, baya damisa.

Wannan kamar wasan yara ne, amma irinsa ne Batiran Rasal na Ingila ya rubuta wa Gotlob Firege na Jamus cikin wasiƙa a 1902, lokacin da Firege ke gab da fitar da juzu'i na biyu na littafin da ya so ya aza ilmin ƙidaya duka a kan mandiƙi. Wasiƙar ta nuna akwai tsaga a harsashin ginin. Daga nan masana suka dukufa neman tushen da ba zai tsage ba. Dabid Hilbat ya yi fatan a sami jerin ƙa'idodi da zai isa a warware kowace tambaya ta lissafi. A 1931 wani saurayi a birnin Biyana, Kurt Godel, ya kafa hujja cewa duk jerin ƙa'idodin da ya isa ya ɗauki ilmin ƙidaya, muddin ba ya saɓa wa kansa, to, akwai maganar da ba zai iya tabbatarwa ba, ba zai kuma iya ƙaryatawa ba. A 1936 Alan Turin a Kembirij, yana neman amsar wata tambaya ta Hilbat, ya zauna ya siffanta abin da a ke nufi da bin ƙa'idar lissafi daki-daki, ya kwatanta shi da wata na'ura da ya zana cikin tunaninsa. Wannan siffa ita ce tushen ilmin kwamfuta, wadda yau a ke biyan albashi da ita, a ke kuma tattara sakamakon jarrabawa da ita.

Ga misali na biyu. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Iƙlidis ya rubuta littafinsa na handasa a Iskandariya ta Masar, ya aza shi a kan 'yan maganganu da ya nemi a sallama masa. Ta biyar, wadda ta shafi layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗuwa, ta tsaya wa masana a rai. Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin fitar da ita daga sauran, Umarul Hayyam ya gwada, Nasiruddin Addusi ya gwada, ba wanda ya ci nasara. Sai a 1829 Lobachebiski a Rasha, da Bolyai na Hangare a 1832, suka nuna ana iya ajiye ta a gina wata handasa dabam wadda ba ta saɓa wa kanta. Riman ya faɗaɗa zancen a 1854, Ainishtain kuma ya yi aiki da handasar Riman a 1915 ya bayyana ƙarfin da ke jawo abu zuwa ƙasa da tafiyar taurari. Tambayar da aka yi shekara dubu biyu ana cewa ɓata lokaci ce, ga inda ta kai. Wanda ya ce falsafar lissafi ba ta haifar da kome, sai ya dubi waɗannan biyu.

Namu rabon a ciki

Da a ce tarihin na waɗansu ne kaɗai, da sai mu ce a bar masu shi su yi ta yi, mu karanta fassara. Amma muna da namu a ciki. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi malami ne daga ƙasar Katsina, ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya zauna a Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, wanda Larabawa ke kira wafƙi, ya bayyana hanyoyin gina wanda yawan gidajen gefensa mara ne, kamar uku, biyar, bakwai. Kowane ɗan makaranta na iya gwada ƙaraminsa: a jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ta ko'ina aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Mai gida biyar-biyar kuwa, idan an zuba 1 zuwa 25, jimlarsa 65 ce. Sanin hanyar da za ta yi aiki ga kowane girma, wannan lissafi ne sosai.

Su wa suka ɗaga sunan wannan malami a zamanin nan? Malam Hassan Gwarzo ya rubuta maƙala a kansa a 1967 cikin mujallar cibiyar tattara littattafan Larabci ta Jami'ar Ibadan. Wata malama Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta ba shi wuri cikin littafinta na 1973 a kan ƙidaya a Afirka. Ƙungiyar masana lissafi ta Afirka ta kafa kwamitin tarihin lissafi a 1986, Paulus Gerdes na Mozambik ya shugabance shi shekaru da yawa. Waɗannan sun share hanya, Allah ya saka musu. Amma share hanya dabam, gina gari dabam.

Akwai littattafan hannu jibge a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, da Gidan Arewa, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jos, da Ibadan, da Yamai, da Timbuktu, ban da waɗanda ke cikin gafaka a gidajen malamai. A cikinsu akwai na hisabi, da na fara'ili, da na taurari da lokutan salla. Takarda kuwa ba ta jira. Gara na ci, damina na jiƙawa, magada na rabawa. A watan Janairu na 2013 an ƙone ko an kwashe littattafai fiye da 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu. Abin da ya ƙone ba a karanta shi ba ya tafi ke nan.

Ko karanta shekarar da aka rubuta littafi ma sai da wannan ilmi. Malamanmu sun saba rufe waƙa ko littafi da ramzi, watau kalmar da in an tara ƙimar haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira. Amma jerin ƙimar haruffa iri biyu ne. A wurin mutanen Gabas harafin shinun 300 ne, gainun ne 1,000. A wurin mutanen Magrib, waɗanda malaman ƙasar nan suka bi, shinun shi ne 1,000. Wanda bai san wannan ba sai ya kuskure shekarar littafi da shekara ɗari bakwai, ya kuwa gina tarihi a kan kuskuren.

Mabuɗi biyu, ƙofa ɗaya

A nan wahalar ta ke. Ƙofar wannan fanni mabuɗi biyu gare ta, lissafi mai zurfi da harshe mai zurfi, ga shi kuwa tsarin karatunmu ya raba su tun daga sakandare. Mai Larabci yana sashensa, zai karanta rubutun Alkatsinawi sarai, amma in ya iso ga jadawalin sai ya tsallake. Mai lissafi yana nasa sashen, zai gane jadawalin da kallo ɗaya, amma ba ya iya karanta layin da ke bayyana shi. Ba mu rasa gwanaye a kowane ɓangare ba. Chike Obi ya sami digirin dakta a lissafi a Kembirij tun 1950, Farfesa Iya Abubakar masanin lissafi ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, malaman Larabci kuwa ƙasar nan ba ta taɓa rasa su ba. Abin da a ke bukata shi ne mutum guda mai riƙe da mabuɗan biyu, irin wannan mutum kuwa sai an yi niyya an rene shi.

A ƙasashen da suka ci gaba ma fannin ba shi da jama'a, da ƙyar ya ke rayuwa. Jami'ar Brown ta Amurka ta buɗe sashe na musamman domin tarihin lissafi a 1947 ƙarƙashin Otto Neugebauer, wanda shi da abokin aikinsa Abraham Sachs suka buga fassarar allunan yumɓu na Babila a 1945, suka nuna wa duniya zurfin lissafin mutanen can. Sashen ya yi suna ƙwarai, amma da babban malaminsa na ƙarshe, David Pingree, ya rasu a 2005, ba a daɗe ba aka rufe shi. Darasin a fili ya ke: ilmin da ke rataye a wuyan mutum ɗaya ko biyu, in ba a yi musu magada ba, tare a ke binne su. Duk da haka akwai inda a ke koyarwa. A Faris, Rushdi Rashid ɗan asalin Masar ya yi shekaru yana tace littattafan lissafi na Larabci yana fassara su, Ahmad Jabbar ɗan Aljeriya ya yi irin wannan a kan na Magrib da Andalus, a birnin Munik na Jamus kuma an kafa cibiyar falsafa da lissafi a 2010. Wuraren zuwa koyo suna nan.

Amsa ga masu musu

Mun san abin da za a ce. Na farko, ƙasar da ba ta gama samun ruwan sha da asibiti ba, ina ita ina wannan? Amsarmu ita ce ba mu ce a rage likita ko ɗaya ba. Fannin nan ba ya bukatar injin ko ɗakin gwaji, littattafai ne da malami da lokaci, yana cikin mafi araha a dukan karatun jami'a. Mutum goma da aka horas sosai cikin shekara goma sun isa su kafa shi.

Na biyu, wane aiki mai wannan digiri zai yi? Gaskiya ce, guraben koyar da shi a jami'o'in duniya kaɗan ne, kada a ruɗi yaro a ce masa arziki na jiransa. Amma kwalejojin horon malamai suna bukatarsa, masu tsara manhaja da rubuta littattafan makaranta suna bukatarsa, gidajen adana takardu suna bukatarsa, wanda kuma ya ƙware a mandiƙi ba baƙo ba ne a sashen kwamfuta.

Na uku, akwai tsoron kada abin ya koma kirari, kowa ya riƙa cewa kakansa ne ya fara kome. Wannan tsoro yana da tushe, maganinsa kuwa shi ne horon kansa. Mai bincike na ƙwarai zai faɗi cewa Alkatsinawi ya gaji ilmin hatimi daga malaman da suka gabace shi, kuma a zamaninsa ilmin a cuɗe ya ke da na asirai da duban taurari, sa'an nan ya tsaya ya rarrabe abin da malamin ya ƙara da kansa. Haka zai faɗi cewa Birahamagupta, duk da girmansa, ya ce sifiri a raba da sifiri sifiri ne, na bayansa kuwa ba su karɓi wannan ba. Ƙashin nan mai tsage-tsage da aka tono a Ishango ta ƙasar Kwango a 1950, wanda a ke ƙiyasta ya kai shekara 20,000, har yanzu masana na gardama a kan ma'anar tsagen. Wanda aka horas zai kawo gardamar yadda ta ke. Yabon da ya wuce hujja zubar da mutuncin wanda a ke yabo ya ke yi.

Ga malaman makaranta

Ku ne za ku fi kowa cin moriyar wannan. Kun san yadda yara ke gudun lissafi, suna ɗaukarsa dokoki ne da aka saukar ba dalili. Yaro ya tambaya me ya sa ba a raba lamba da sifiri, a daka masa tsawa a ce haka dokar ta ke. Da malaminsa ya san manyan masana sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawowa a kan wannan tambaya, da ya gane yaron nan tambayar masu hankali ya yi, ya kuma sami hanyar amsa masa. Imre Lakatos, wanda ya koyar a Landan har rasuwarsa a 1974, ya bi tarihin wata ƙa'ida guda ya nuna yadda aka yi ta kawo hujja, ana samun misalin da ya karya ta, ana gyarawa, har ta tsaya. Yaron da ya ji haka zai daina jin kunyar kuskure, ya san ta nan manya suka bi.

Abin da mu ke roƙo

Muna roƙon hukumomin ba da taimakon karatu na jihohi su keɓe gurbi biyu ko uku kowace shekara domin wannan fanni, da sharaɗin wanda za a zaɓa ya ci lissafi da kyau a digirinsa na farko, domin kada wurin ya zama mafakar wanda lissafi ya kora. Muna roƙon jami'o'inmu su yarda ɗalibi ɗaya ya sami masu duba aikinsa biyu, ɗaya daga sashen lissafi, ɗaya daga sashen Larabci ko tarihi ko falsafa, a kuma ba shi shekara guda ta koyon harshe kafin ya fara. Muna roƙon Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ta haɗa kai da gidajen adana takardu a fitar da jerin littattafan hisabi da ke hannu, a ɗauki hotonsu. Aikin farko da ya kamata a ɗora wa ɗalibin farko shi ne ya tace littafin Alkatsinawi, ya fassara shi da Hausa, har ya shiga hannun malamin firamare.

Ku kuma akawuna da malamai, kuna da naku aikin da ba ya jiran gwamnati. In kun san gidan da ke da tsofaffin littattafai, ku ba masu shi shawara su bari a ɗauki hoto, littafinsu na hannunsu. In kun ga yaro mai kaifin lissafi wanda kuma ya yi nisa a karatun allo da na littattafai, kada ku ce masa ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya, ku gaya masa akwai fannin da ke neman irinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai karanta mana waɗannan takardu nan da shekara goma sha biyar, yau yana zaune a ajin ɗayanku. Allah ya sa mu gane shi, ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙe hannunsa, amin.